Zoben da Kaka Bai Miƙa Ba

Akwai wani guntun ƙarfe da aka rataya a bishiyar mangwaro ta makarantar firamare da ke bayan gidanmu a nan Orozo. Kullum da safe in malami ya buga shi, sai in tsaya da abin da nake yi. Ran nan dai na kasa haƙuri, na goya 'yata na je na duba. Ƙarfen titin jirgin ƙasa ne, ba ko tantama. Na shafa shi, na ce a raina, kai kuma wa ya kawo ka garin da ba a taɓa jin kukan jirgi ba? Na tambayi mai gadi, ya ce shi ma zuwa ya yi ya tarar da shi.

Ni a bakin irin wannan ƙarfen na tashi. Tasharmu ƙarama ce, tana kan babban layin da ya taso daga Ikko ya nufi Kano, can tsakanin Minna da Kaduna. In ka tsaya a tsakiyarta ka gama ganinta. Ga ofishin tasha masta mai jan kwano, ga rumfar jira da bencinta wanda aka tokare ƙafarsa ɗaya da dutse, ga tsohon tankin ruwa na zamanin jirgin kwal da tantabaru suka mayar gida. Bayan su kuma gidajen ma'aikata ne a jere, namu na ƙarshe. Da rani in rana ta bugi katakon layi, wani warin baƙin mai yake tashi, har a cikin tuwo ina jinsa. Da sabuwar doya ta fito kuwa, matan Gbagyi ne za su cika wurin, kowace da kayanta a kafaɗa, su jera doya a gefen layi suna jiran ƙaramin jirgi, wanda shi kaɗai yake tsaya mana, shi ma ba kullum ba. Babban jirgin Ikko bai san da mu ba. Rage gudu kawai yake yi, ya wuce, ya bar mu da ɓawon rake da fasinjoji suka watso ta taga.

Kakana, wanda ya haifi babana, shi ne mai miƙa zobe. Bari in yi maka bayani, don wanda bai zauna a tasha ba ba zai gane ba. Layin nan ƙwaya ɗaya ne, da mai zuwa kudu da mai zuwa arewa duk a kansa suke bi. To, don kada biyu su haɗu a daji, kowane direba sai ya karɓi wani abu a tashar da zai bari kafin ya shiga hanyar gaba. Abin yana cikin 'yar jakar fata da aka ɗaure a jikin wani babban zobe na gora, faɗinsa ya kai bakin kwando. Tasha masta zai fito da shi daga wani akwatin ƙarfe mai ƙararrawa a ofishinsa, ya ba Kaka. Kaka ya je bakin layi ya tsaya ƙyam, ya ɗaga zoben sama. Jirgi yana tafe, mataimakin direba zai leƙo, ya jefo tsohon zoben da suka taho da shi, ya zura hannu a cikin namu ya fizge. Duk kafin ka ƙifta ido.

Ni abin da ya dame ni shi ne, mene ne a cikin jakar? Na daɗe da yanke wa kaina cewa laya ce, tunda duk abin da na taɓa gani an ɗinke cikin fata laya ne. Sai dai na rasa yadda aka yi tasha masta, mutumin kudu mai zuwa coci, yake da akwati cike da layu. Na tambayi Kaka ya fi a ƙirga.

"Ke amarya, kin cika bin diddigi," haka yake ce mini. "Ko tuwo ba ki iya tuƙa mini ba, kina son sanin asirin gwamnati."

"Ai ni ba na son miji mai haƙori uku."

"Huɗu ne, sake dubawa."

Shi ke nan, zancen ya bi ruwa.

Ina da kamar shekara takwas a daminar da innata ta tashi haihuwar ƙanwata. Babana lebura ne na gyaran layi, an tura su nesa inda ruwa ya zaizaye ƙasa. Inna ta kwana biyu tana naƙuda, abu ya ƙi zuwa. A rana ta uku da hantsi ungozoma ta fito daga ɗaki, ta wanke hannu, ta ce wa Kaka nata ya ƙare, in ba a kai ta asibiti yau ba, to sai dai addu'a. Na ji da kunnena, don ina laɓe bayan randa. Hanyar mota kuwa rafi ya cinye ta tun mako guda. Ƙaramin jirgi sai jibi. Abin da zai bi ta gabanmu ranar nan babban jirgi ne kawai, bayan azahar.

Na bi Kaka zuwa ofis, na tsaya a bakin ƙofa. Tasha masta ya yi ta murza waya yana magana da Turanci, gumi yana zubo masa. Da ya ajiye sai ya ce, da irin Hausarsa, "Baba, sun ce babu oda. Wannan jirgi ba ta tsaya a nan. In na sa mata jan sigina, gobe ni da yara na muna waje." Can akwatin ya buga ƙararrawa, alamar jirgi ya baro tashar da ke bayanmu. Tasha masta ya ciro abin, ya sa a jaka, ya miƙa wa Kaka zoben. Ya daɗe bai saki ba. Sannan ya ce, "Ni zan zauna a ciki. Rubutu ya yi mini yawa yau. Abin da yake waje, ban gani ba."

Kaka ya juyo ya gan ni. Ya ce in ruga in gaya wa ungozoma a fito da Inna.

A kan ƙyauren ɗakinmu aka ɗauko ta. Matan Gbagyi huɗu, maƙwabtanmu na bayan layi, su suka saɓa shi a kafaɗa yadda suke saɓa doya, suna tafiya a hankali, ba wadda ta yi tuntuɓe. Suka ajiye ta a inuwar rumfa. Na tuna ƙafafunta da suka fito daga ƙarƙashin zane, sun kumbura, lallen jikinsu ya koɗe.

Ƙarfen layi ya fara tsuwa, sannan muka ji kukan jirgin. Kaka ya je wurin tsayuwarsa, ya tsaya kamar kullum. Ina kallon hannunsa, ina jira ya ɗaga. Bai ɗaga ba. Zoben yana nan a jikin cinyarsa, ya riƙe shi da hannu biyu. Mataimakin direba ya leƙo, ya jefo nasu, ya zuro hannu, ya kama iska. Sai birki. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, har tantabarun tanki suka tashi gaba ɗaya. Tarago yana bin tarago a gabanmu, a hankali, a hankali, har komai ya tsaya. A ranar na fara ganin fuskokin mutanen babban jirgi sosai. Ashe su ma mutane ne kamar kowa, wata har tana tsefe wa 'yarta kai.

Direba ya sauko, ya tako tun daga can gaba, wani dogon mutum da tawul a wuya.

"Kai tsoho, barci kake yi a tsaye?"

"Ranka ya daɗe, kafaɗar ce ta ƙi ɗaguwa yau," in ji Kaka. "Tsufa."

Ya ɗan matsa gefe, yadda direban zai hango rumfa. Mutumin ya kalli Inna, ya kalli agogonsa, ya sake kallon Inna. Ya goge wuyansa da tawul. Sannan ya ce a sa ta a taragon ƙarshe, ita da ungozoma, a yi sauri. Da aka gama ya miƙo wa Kaka hannu. "Kawo. Na ga kafaɗar ta warke."

Bayan kwana tara Inna ta dawo a ƙaramin jirgi, a rame, da jaririya a hannu da ɗinki a ciki. Ba a daɗe ba kuma takarda ta zo daga sama. Ba a kori Kaka ba, amma an karɓe zoben daga hannunsa, aka mayar da shi goge fitilun sigina da zuba musu kananzir. Aikin da ya yi ke nan har ƙarfinsa ya ƙare. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, sai dai in jirgi zai wuce yakan ajiye tsummansa ya kalli hannun wanda ya gaje shi, wani lokaci ya ce, "Ya yi ƙasa da yawa."

Ranar miƙawarsa ta ƙarshe, muna tsaye muna jiran jirgi, ya ce, "Amarya, zo ki ga asirin." Ya buɗe bakin jakar. Wani faifan tagulla ne, bai kai tafin hannuna ba, an buga rubutu a jikinsa. Na juya shi, na shinshina.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Wanda yake riƙe da shi, hanyar tasa ce shi kaɗai. Wanda ba shi da shi, ko wane ne, dole ya tsaya."

Yanzu ga ni a Abuja. Maigidana kafinta ne, yana cikin masu buga rufin ofisoshin da ake ta kwaso mutanensu daga Ikko, wani lokaci sai ya yi mako a wurin aiki bai dawo ba. Ina da 'ya a baya, ina da cikin wata bakwai, damina kuma ta kama. Ba na ɓoye maka, ina jin tsoro. Duk sanda aka yi ruwa sai na fita na duba yadda hanyarmu ta kwana. Nan babu tasha, babu zobe, motoci wucewa kawai suke yi, ba wanda doka ta ce ya karɓi wani abu a hannun wani.

Amma na lura da tifofin da ke ɗebo yashi ta gaban gidanmu. Na san wadda take fara wucewa da safe, na san mai koren kai da ke dawowa bayan la'asar. Sai na kafa randa a bakin hanya, na sa mata moɗa da murfi, kullum ina cika ta. Sun fara tsayawa suna sha. Jiya direban mai koren kan ya sha, ya kalli cikina, ya kalli laka, ya ce, "Madam, ranar da abin ya zo, ki fito ki ɗaga hannu kawai."

Na yi masa godiya, na dawo ciki na zauna. Kaka da ƙin ɗaga hannu ya tsayar da babban jirgin Ikko. Ni nawa sai na ɗaga. Na gwada a tsakar gida, na ɗaga shi sama sosai yadda yake yi, har 'yata ta ɗauka wasa ne, ita ma ta ɗaga nata.