Kwaɗon da Ya Riƙe Gayyar Ladan

Da sassafe, in mata sun nufi rijiya, Goggo Yalwa bakin gonaki take nufa da ƙwaryarta a ka. Tana tafe tana tsinkar zogale da rama da ganyen wake, kuma toho kawai take cira. Waɗanda suka taɓa bin bayanta sun ce har magana take yi wa ganyen, wanda bai isa ba ta ce masa ya yi haƙuri sai jibi. Haka take tun kafin motar gyaɗa ta fara shigowa ƙauyenmu na bayan Tudun Wada.

Matan garin nan, in sun sami ganye, kanwa suke zuba masa su bar shi a wuta har ya yi baƙi ya manta ko shi wane ne. Ita kuwa Goggo sai ruwa ya tafasa take zuba nata, ta juya ta gaida duk wanda ke kusa. Ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya ruwa. Da gaisuwa ta ƙare sai ta sauke, ta matse, ta barbaɗa ƙuli-ƙuli da gishiri da barkono, ta yanka albasa, ta ɗiga man gyaɗa. Ganye ya fito kore shar. An daɗe ana ce mata mai abincin awaki, amma masu jego da masu kumburin ciki ta bayan gida suke aikowa da kwano.

Goggo, ke ce mai tukunyar da ba ta sa mai yunwa jira. Wanda ke shakka ya tambayi Ladan.

Daminar bara waccan Ladan ya kira gayyar noman gyaɗarsa. Matarsa Zuwaira ta tafi gidansu goyon ciki, sai uwarta Tani ta aiko cewa ita za ta yi tuwon gayya, a dai gaya mata rana. To, Ladan mutum ne mai kunyar suruka, in ya hango Tani a hanya cikin dawa yake faɗawa. Ya je bayan dangarta ya tsuguna, ya faɗi ranar can ƙasa-ƙasa. Ya ji motsi da gyaran murya a ciki, ya ɗauka an amsa, ya tafi abinsa. Ashe tunkiya ce ke ɗaure a wurin.

Ranar gayya maza suka duƙa da fartanya, Shitu makaɗi na zuga su. Rana ta take tsaka, babu ko ƙwaryar tuwo ɗaya. Al'adarmu kuwa, in aka bar 'yan gayya da yunwa saɓa fartanya suke yi, makaɗi ya sa mai gona a waƙar rowa, waƙar ta kai kasuwar Tudun Wada. Daga nan ko ya yi kuka ba mai sake taka gonarsa, ciyawa ta cinye gyaɗar. Shitu har ya fara gwada sunan Ladan a kan ganga, ya ji ya zauna daidai.

Goggo na bakin gonar da tukunyarta, ta dawo daga kai wa wasu abinci. Ta ga Ladan a bayan ɗorawa yana zufa, ta tambaye shi, ya ba ta labari.

"Ɗan nan, da ka faɗa, ka ji ta ce to?"

"Na dai ji tari, Goggo."

"Koma ka faɗa da ƙarfi. Juya mata baya in ka so, amma leƙa tukuna ka ga mai ƙafa nawa ne a ciki."

Ladan ya ruga. Ita kuma ta haɗa duwatsu ta hura wuta, ta ce wa mazan kowa ya tsinko mata rama da ganyen wake. Habu, wanda ya fara saɓa fartanyarsa, ya ce sai daga baya ya gane dabarar, don hannun da ke cike da ganye ba ya ɗaukar fartanya. Tana zuba ganye a ruwa sai ta juya ta gaida Shitu. Babba na gaishe ka, ai ba ka amsa da ganga a rataye, dole ya sauke ya durƙusa. Ta kwaɗa kaɗan ta raba, abin da zai taɓa harshe ya sa a jira ƙari. Ta sake zubawa, ta sake gaida Shitu, ta tambayi lafiyar uwarsa, ta tambayi ciwon bayansa. Da ya miƙa hannu ga ganga sai wata gaisuwar ta taso. Ya rantse tun da aka haife shi ba a taɓa damuwa da lafiyarsa kamar ranar ba.

Wajen la'asar sai ga Tani da 'yan mata ɗauke da tuwo, Ladan na biye can nesa yana laɓewa. Aka ci da sauran kwaɗon, aka gama gonar kafin magariba. Ladan ya cire gyaɗarsa da kaka, kuma har yau in ya kira gayya ana zuwa.

Bana gwiwa ta hana Goggo zuwa gona. Ke ce kika rufa wa mutum asiri da abin da ke tsirowa a gefen hanya, Allah ya rufa naki, ya sassauta miki gwiwar. Mun gode, Goggo. Matan garin nan ku je ku zauna kusa da murhunta tun tana iya nunawa, ku rage wa ganye azaba. Ladan yana gaishe ki. Shitu kuma ya ce a gaya miki bai yafe ba, don waƙar ta yi daɗi, kuma ba wanda ya ji ta.