Batirin Ponnappan da numfashin Sarasamma

Ponnappan shekarunsa sittin da ɗaya, direban jirgin fito ne a ƙauyen Kainakari, inda ko kasuwa sai ta ruwa ake zuwa. Jirgin na ƙungiyar manoman shinkafa ne. Bara aka shimfiɗa masa farantan sola a rufi, aka jera batura a ƙarƙashin kujeru, aka bar ƙaramin injin dizal da ke cika su idan rana ta ƙi fitowa. A da, da kunne Ponnappan yake gane lafiyar inji. Batir kuwa ba ya tari, ba ya gurnani, sai lamba a ɗan allo.

Matarsa Sarasamma ta daɗe da ciwon huhu, da na'ura mai aiki da lantarki take samun numfashi. Da ambaliyar bana ta shiga gidaje, wuta ta ɗauke, ya kwaso ta da na'urar zuwa cikin jirgi, ya jona.

Dizal ɗin tun a farko ya ƙare, wajen kwashe maƙwabta da awakinsu da tukwanensu zuwa kan gada, inda ake fakewa duk lokacin da ruwa ya yi yawa. Ko jarka ɗaya bai ajiye ba, don ruwa ya saba janyewa da wuri. Bana bai janye ba.

Asibiti yana birnin Alappuzha, a ƙetaren tafki. Zuwa can yana cin fiye da rabin batir, balle yanzu da kainuwa ke naɗe farfela. Abin da ya rage bai kai haka ba. In ya tashi, jirgi da na'ura su mutu tare a tsakiyar tafki. In ya zauna, lambar tana sauka a hankali. Ya aika a turo jirgin ceto, an ce ya jira. Ya kashe fanka, ya kashe fitilu, ruwan da ke taruwa a cikin jirgin ma da kwano yake kwashewa don kada ya kunna famfo.

Maƙwabcinsa Kuriyachan ya zo a kwalekwale da dafaffen rogo da wayoyin hannu cike da leda.

"Yaya, ka ɗan sa mana caji. Waya nawa take ci? Ko ka fara rowar rana ne?"

"Wace ranar? Ka gan ta a hanya?"

Daga shimfiɗa Sarasamma ta ce, "Sa musu guda ɗaya mana. Rogonsu kake ci."

Ya jona guda ɗaya, idonsa a kan allo.

Jiya da hantsi gajimare ya ɗan yi fari. Ponnappan ya cire mayafin kafaɗarsa zai hau rufi ya goge farantan sola.

"Kai, tsoho," in ji ta, tana hutawa tsakanin kalmomi, "ni ka taɓa goge min fuska haka?"

Ya hau, ya durƙusa, ya bi farantan ɗaya bayan ɗaya yana gogewa, yayyafi yana sake jiƙa su a bayansa.