Doña Eustolia, wadda ta ari harshena shekara goma sha biyu

Ranar Talata, tara ga watan Satumba, da hantsi, Nereida ta faɗo gidana ko sallama babu, mayafinta a hannu. Ban bari ta yi magana ba, fuskarta ta riga ta gaya mini. Mahaifiyarta, Doña Eustolia Zárate, uwar girkin garinmu na San Lucas, ta rasu a tsakar gidanta tana da shekara saba'in da shida. Tana zaune ne tana ɓare masara, ta ce wa mijinta, Don Melitón, ya miƙo mata ruwa. Kafin ya dawo da moɗa ta jingina da bango, shi ke nan. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. Washegari muka kai ta makwancinta, masu bushe-bushe a gaba, gari kaf a baya.

Komadre, haka nake kiranki tun ranar da kika riƙe 'yata a coci aka yi mata baftisma, shekara arba'in da ɗaya ke nan, kuma ba zan sauya yau ba. Bari in fara da abin da na san za ki so a faɗa da ƙarfi, kowa ya ji: ba ciwon hanjin nan naki ne ya kashe ki ba. Kin sha rantsuwa cewa ba shi zai kai ki ƙasa ba, bai kuwa kai ki ba.

A garin nan ba a ɗora baƙar miya ta biki sai an je da kyandir da burodi an roƙi uwar girki, kuma shekara talatin ƙofarki ake ƙwanƙwasawa. Ke kike cewa a ƙona busasshen barkono har ya yi baƙi ƙirin, ke kike cewa a tsaya. Ke kike auna riɗi da gyaɗa da kirfa da cakulan da tafin hannunki, mata ashirin suna jiran bakinki. Daga safe zuwa la'asar kina kewaya manyan tukwanen ƙasa da ludayi, ki ɗanɗana nan, ki ɗanɗana can. A ƙarshe mai biki ya zo ya tsaya ya cire hularsa, ki kai ludayi baki a gabansa, ki ce ta yi. Kafin wannan kalmar taki, ko limamin coci ba a zuba wa.

Sai ciwon ya zo. Kin ɓoye shi kusan shekara guda, kuma har yau ina jin haushinki a kan haka. Ina ganin kina ramewa, kina zagayawa bayan gida sau takwas kafin azahar, in na tambaya ki ce ruwan sabuwar rijiya ne. Ashe har da jini. Ranar auren ɗan Don Fidencio, mutum ɗari huɗu aka gayyata, kika wuni kina ɗanɗana miya mai yaji da kitse, kina murmushi kina dafe ciki. Kin ce ta yi, mai biki ya mayar da hularsa, kika yi taku uku kika zube kusa da itacen girki. Kwana goma sha shida kika yi a asibitin birni. Likitar ta ce gyambo ne a babban hanji, irin wanda ba ya warkewa, sai dai ya kwanta ya tashi. Ta ce da magani da kula da abin da ake ci, mutum zai tsufa da shi lafiya lau, amma in kika koma wuni kan tukunyar barkono da ludayi a baki, za a sake kawo ki, wataƙila kuma sai an yanke hanjin.

Da kika dawo gida, ba ciwon ne ya fi cin ranki ba. Bikin waliyyin gari ya matso, kuma wanda ya ɗauki nauyinsa a shekarar ya ɗauki kyandirinsa da burodinsa ya nufi gidan Casilda, wata mai girki da ta daɗe tana gasa da ke. Ba da mugunta ya yi ba, tausayinki ya ji. Amma na same ki zaune gaban kwanon farar shinkafa da kika ƙi taɓawa, kika ce mini, "Herminia, sun binne ni da raina. Uwar girkin da ba ta ɗanɗano, ai kujera ce kawai a bakin murhu." Ban taɓa ganin hawayenki ba sai ranar, ni ma na taya ki.

Abin da kika yi bayan nan shi ne dalilin wannan rubutu. Kin fara da cikinki, kamar mai sasanta dangin da suka ɓata. Abinci ɗaya kike ƙarawa, ki ba shi kwana uku ki ga halinsa, sannan ki yanke masa hukunci. In na leƙo da safe, labarin da nake tararwa ke nan. "Ni da wake mun raba gari." "Madara munafuka ce, ta yi miki daɗi a baki, ta je ciki ta kai ƙararki." "Kabewa 'yar halak ce." Kofi ne ya fi ba ki wuya, wata biyu kina zama kusa da Melitón kina shaƙar tururin nasa. A hankali kika gane cewa cikinki ya fi son kaɗan-kaɗan sau biyar a kan tuli sau biyu, kika koyi ɓare bawon tumatir ki tace 'ya'yan, ki cire fatar kaza, ki dafa shinkafa har ta yi luguf, ki jefa ganyen ƙamshin nan na bayan ɗakinki a romo don kada ya zama ruwan zafi kawai. Maganin likita kuwa ko sau ɗaya ba ki tsallake ba, duk da surutun masu kawo miki saiwoyi.

Melitón, bawan Allah, ya rantse abin da kika ci shi zai ci. Ya riƙe alkawarinsa, sai dai kullum da ɗanyen barkono a aljihun riga, yana kare baki da hula yana gatsa. Kin bar shi ya yi mako uku yana wannan wahala kafin ki ce, "Tsoho, ci barkononka a fili, ba zunubi ba ne. Dubi yadda kake zufa kamar ɓarawon kaza."

Watanni bakwai bayan asibiti, Don Abundio ya zo da kyandir zai aurar da 'yarsa. Ya ce shi dai ya zo ne don girmamawa, ya san ba za ki iya ba. Kika karɓi kyandirin, kika ce ya je ya sayi barkono. Da yamma sai ga ki a ƙofata.

"Komadre, aron harshenki na zo."

Na ce, "Wane harshen? Nawa da kika ce bai san bambancin gishiri da toka ba?"

"Shi ɗin. Ai gara wanda bai san komai ba, ba zai yi mini gardama ba."

Haka muka tsaya ranar bikin, ke da muciya, ni da ludayi. Na ɗanɗana na ce ta yi daɗi. Wayyo, kamar na zage ki! Kika ce, "Daɗi ba magana ba ce. Ina ɗacin ya tsaya, a kan harshe ko a maƙogwaro? Yajin ne ya fara isowa ko zaƙin? Da kika haɗiye, me ya rage?" Na sake ɗanɗanawa, na rufe ido, na ce ɗacin yana can baya, kuma akwai ɗan ƙauri. Kika sunkuya kika shaƙi tururin, kika saurari yadda take tafasa, kika ɗaga muciya kika ga yadda take zuba, kika ce a ƙara soyayyiyar ayaba biyu da romon talotalo. Mata suna ta zunɗe. Casilda, da ke can tana yanka albasa, ta ce da ƙarfi yau za a ci miyar da aka dafa da jita-jita.

Da la'asar Don Abundio ya zo ya cire hula. Kowa a tsakar gidan ya zuba miki ido, yana so ya ga ko za ki kai ludayin baki. Kika karɓi ludayin daga hannuna kika ɗebo miyar, na kuma san kina so, wallahi kina so. Kika miƙo mini. Na sha, na raɗa miki a kunne abin da harshena ya ji, kika dubi mai biki kika ce, "Ta yi." Casilda ce ta fara zuwa da ɗan kwanonta don ta kama mu. Ta sha, ta sake sha. Sannan ta ce, "Gishirin dai ya ɗan yi kaɗan," alhali tana miƙo kwanon a ƙara mata. Tun daga ranar kyandir bai sake wuce ƙofarki ba.

Sauran abu ɗaya da ya rage shi ne kwanon baƙo. Kin san mu: a miƙo maka abinci ka ce a'a, ka ci mutuncin gida ke nan. Shi ya sa da farko kika daina zuwa sunan kowa da zaman makokin kowa. Daga baya kika samo dabararki. Ki karɓi kwanon da hannu biyu, ki shaƙa, ki sa albarka, ki juye a ɗan bokitin da kowa ke zuwa da shi don kai saura gida, sannan ki fito da 'yar tukunyarki daga cikin mayafi. Ranar farko uwargidan ta ɓata fuska, kika ce mata a gaban kowa, "Hanjina ne ba shi da kunya, 'yar uwa, ba miyarki ba ce." Aka yi dariya, magana ta mutu. Ba a yi shekara ba sai ga tsofaffi masu ciwon sukari da masu hawan jini suna yin yadda kika yi, mutanen da da suke cin abin da zai kwantar da su don kunya. Ke kuma kika kafa doka: duk bikin da kika riƙe, sai an ɗora ƙaramar tukunya a gefe, romon kaza da shinkafa da kabewa, ta masu lallaɓa ciki. Da hannunki kike dafa ta, kuma ita kam kina ɗanɗanawa.

Ba zan ce kullum lafiya ba. Akwai watannin da ciwon yake tashi ba tare da kin yi masa laifin komai ba, ki koma kunun masara zalla, ki yi fari fat. A irin ranakun ba kya son kowa ya ce miki sannu. Amma yana kwantawa ki miƙe, ki ɗaura gyale. Na taɓa tambayarki ko kina kewar miyar. Kika ce, "Shekara biyun farko har mafarkinta nake yi. Yanzu kuwa, Herminia, na san ɗanɗanon kabewa. Shekara sittin ina binne ta da barkono, ban taɓa jin abin da take cewa ba." Kin yi ƙiba daidai, kin ga auren jikoki uku, kin riƙe murhun San Lucas har bikin watan jiya. Mace ce ke da ta ƙoshi da rayuwarta, kuma ban faɗi haka don kin mutu ba.

Mako biyu kafin rasuwarki muna zaune muna tsince riɗi, Nereida ta kawo zancen ranar da muke ajiye wa mamatanmu abincin da suka fi so don su zo su ɗanɗana, a farkon Nuwamba. Cikin wasa ta ce, "Mama, in kin tafi, tukunya guda ta baƙar miya zan ajiye miki, da barkono ninki biyu. Ai can babu hanji, sai ki rama." Kika harare ta. Kika ce, "Kada ki soma. Da ƙyar na shirya da romona, ba zan ci amanarsa ba. Shi za ku ajiye mini, da kabewa." Sai kika juyo gare ni, kika nuna ni da tsinke. "Amma ke, komadre, ki dafa baƙar miya da hannunki, ki zuba mini ludayi ɗaya a gefe. Ɗaya tak. Zan ɗanɗana da kaina in ji ko gaskiya kike gaya mini duk shekarun nan."

To, komadre, tun da za ki gano, gara ki ji daga bakina. Sau biyu na yi miki ƙarya. A auren 'yar Don Abundio, gaskiyar Casilda ce, gishirin ya yi kaɗan, tsoro ne ya hana ni faɗa. Na biyu kuma a bikin waliyyi na shekarar da aka yi ambaliya, ƙafafuna ne suka gaji na ce ta yi, alhali tana son ƙarin rabin sa'a a wuta. Ban da waɗannan, duk abin da harshena ya ji shi na ba ki, ban rage ba, ban ƙara ba.

Jiya mai ɗaukar nauyin bikin baɗi ya ƙwanƙwasa ƙofata da kyandir da burodi. Na tsaya ina kallonsa kamar wawuya, na kusa ce masa ya yi kuskuren gida. Na karɓa, domin na san abin da za ki ce in na ƙi. Amma miyar da ke hana ni sukuni ba tasa ba ce, taki ce ta Nuwamba. Melitón ya ce in kwantar da hankalina, wai tsofaffi sun ce sabon mamaci ba ya zuwa sai shekara ta zagayo. Na ce masa shekara hamsin da huɗu yana zaune da ke, har yau bai san matarsa ba. Na riga na sayi barkonon.

Allah Ya jiƙanki, Eustolia. Ya gafarta miki kurakuranki, Ya ba ki hutu na har abada a cikin haskenSa, inda babu ciwo, babu ƙidayar loma. Ya sa kowane ciki da kika ciyar, da kowane mara lafiya da kika cire wa kunya, su zama shaida a gare ki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Don Melitón, da Nereida da 'yan uwanta, da jikoki, da matan murhun San Lucas baki ɗaya, har da Casilda, wadda ta fi kowa kuka a makabarta. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, Ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo. Amin.

Komadrenki,
Herminia Bautista