Ranar da Goggo Ta Hau Bene da Dutsen Guga

Shekara goma sha tara Goggo ta yi tana guga a ɗakin wankin wani otal, can ƙasa inda taga ɗaya ce tak, kuma ba ta taɓa ƙona ko hankici ba. Turancinta na aiki ne: riga, wando, gobe, na gode. Ya ishe ta har ranar da aka kawo sabuwar shugaba, wata gajeruwar mata mai saurin baki da kowa ke ce wa Madam. Goggo ta ga ita kanta tana ta gyaɗa kai kan abin da ba ta ji ba, sai ta roƙi ƙanwarta, malamar makaranta, ta riƙa koya mata duk ranar hutu. Cikin wata shida ta fara kama zance, har da ɗan jin kai.

A lokacin ba sa ga maciji da Dogo, mai kula da injin wanki. Shi ya turo mata zannuwan gado a cukwikwiye, ita ta mayar masa da baƙar magana. Da Madam ta gaji, sai ta ce su same ta a ofis da ƙarfe biyu don a yi wa matsalar “iron out”. Kalmar farko Goggo ta san ta kamar yunwar cikinta. Ƙarfe biyu na yi ta hau bene tana haki, dutsen guga a hannu, katakon guga a hammata, ta shiga tana neman inda za ta jona wuta.

Madam ta yi dariya har sai da ta cire tabarau. Ta bayyana mata cewa sasantawa kawai ake nufi, a miƙar da magana yadda ake miƙar da riga. Kunya ta rufe Goggo. Can sai ta dubi Dogo, wanda ya toshe baki da hula.

“Ashe su ma a yamutse rigima take zuwa musu,” in ji ta.

Su biyun suka fashe. Faɗan bai sake tashi ba.

Daga ranar abin ya shige ta. Ta gano cewa in Bature ya ce zai jefar da tawul, ya sare ne. In ya ce ka ja safarka sama, ƙara himma yake so ka yi. Kowace ta samo sai ta kai gida da zafinta. Maigidanta yana gyaran fanka a falo, abin ya ƙi, ta leƙo daga kicin ta hana shi jefar da tawul. Bawan Allah ya yi ta dube-dube, ba tawul ko ɗaya a ɗakin. Ta ce wa ƙanwarta mutanen nan ba su da kai, sai ƙanwar ta tambaye ta da wane kofi take shan iska, da wane cokali kuma ake cin fuska. Goggo ta riƙe ciki don dariya, hawaye na zuba. Washegari ta tare Madam a bakin lifta tana fassara mata su ɗaya bayan ɗaya.

Bayan shekara guda aka mayar da ita teburin gaba, inda baƙi ke miƙa kaya. Wata safiya wani baƙo ya zo da kwat a hannu, zai je ganawar neman aiki, yana zufa. Ya ce mata da Turanci malam-buɗe-littafi ne cike da cikinsa. Wannan ta san ta, makon jiya ta koye ta: fargaba ake nufi. Murna ta kusa sa ta taka rawa, amma ta dake. Ta ba shi kujera da ruwan sanyi, ta goge kwat ɗin da hannunta, tana gaya masa da guntun Turancinta cewa a nata yaren gaban mutum ne ke faɗuwa, kuma har yau ba ta ga wanda ya sunkuya ya ɗauki nasa ba.

Mutumin ya fita yana dariya, ya manta jakarsa. Goggo ta bi shi da ita a guje har bakin titi.