Baƙin Wuyan Yaya Binta

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Binta, wadda duk 'yan unguwar Kinkinau suka sani da Maman Hauwa. Allah Ya jiƙanta. Na so in yi wannan waiwaye cikin sanyin rai, in ba ku labarin dariyarta da yadda take buga keken rubutu a ma'aikatarsu da ke Doka kamar ana ruwa a kan kwano. Abin da na gani makon jiya ya hana ni, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Yaya Binta mace ce mai tsabta har ta yi yawa. In ka ajiye kofi a gidanta, kafin ka waiwayo an wanke shi. Amma bayan haihuwar Hauwa sai wani baƙi ya fito mata a wuya, ya zagaye shi, fatar wurin ta yi kauri. Matan unguwa ba su ɓata lokaci ba suka yanke hukunci, wai dauɗa ce. A gabanta su ce, "Maman Hauwa, lallai hutu ya karɓe ki, jiki ya yi kyau." Tana juya baya a taɓe baki ana nuna wuya. Ta kuwa ji. Ta dirje wuyan nan da soson buhu, da toka, da lemon tsami, har ya yi jini. Da ta gaji sai ta koma naɗe shi da mayafi, ko a tsakiyar bazara.

A idon kowa lafiyarta ƙalau. An taɓa gwada musu sukari a wurin aiki, nata ya fito daidai, ta dawo tana tsokanata wai ni siririyar ce zan riga ta kamuwa. Lemon kwalba mai sanyi ba ya wuce ta da azahar, tana gama cin abinci kuma barci ya kwashe ta, ana cewa gajiyar aiki ce.

Sai da ciwon sukari ya kwantar da ita, ƙoda ta fara gazawa, sannan wata likita ta ɗaga mayafin nan ta duba. Ta yi mana bayani a gaban dangi. Akwai wani sinadari a jiki, insulin, shi ke shigar da sukarin jini cikin tsoka. Wani jikin yakan daina jin maganarsa, sai jiki ya yi ta ƙara yawansa don ya tilasta. A yi shekaru a haka gwajin sukari yana fitowa daidai, amma yawan sinadarin yakan baƙanta fatar wuya da hammata. Ta ce a wancan lokacin, da tafiya a ƙasa da rage zaƙi da rage ƙiba ana iya juya abin. Yaya ta ce, "Ashe ba dauɗa ba ce." Ban ga ta yi wa ƙodarta kuka ba. Wannan maganar ta yi wa kuka.

To, Hauwa za ta yi aure, ita da wanda ta zaɓa. Makon jiya na bi ta gidan mai gyaran amare a Rigasa. Na tarar da ita a kan tabarma, an danne mata kai ana dirzar wuyanta da soso, baƙin nan na uwarta sak ya zagaye shi. Gefenta ga kofin madara da zuma da dabino, wai a sha a ciko kafin biki. Matar ta ɗago ta ce mini, "Hajiya, dauɗar nan ta kafu, amma ina da man da zai ɗauke ta." Gwaggonnin Hauwa biyu suna zaune suna dariya, su da suke tsaye a bakin gadon asibiti ranar da likita ta yi magana.

Da Yaya za ta leƙo yau, me za ta gani? Kowa da waya a hannu, kowa malamin lafiya, shagunan man shafawa sun fi na magani yawa, kuma har gobe in an je duba mai ciwon sukari katan ɗin lemo ake riƙo masa. Na san ta. Ba za ta yi faɗa ba, tsaki za ta ja ta ɗauki jakarta.

Ni na yi faɗan. Na ƙwace soson, na ce Hauwa ta tashi mu je asibiti. Ta ce, "Anti, ai lafiyata ƙalau." Na ce haka mamanki ta yi ta faɗa. Mun je, likita ya ce da sauran lokaci, in ta so. Yanzu kullum bayan asuba nakan taso ta mu zaga unguwa a ƙasa, tana gunaguni ina ja.

Keken rubutun Yaya ya tafi, matan da suka yi gulmarta sun manta sun yi. Abin da ya rage mini nata shi ne yarinyar nan, da akwatin kayanta. Jiya Hauwa ta roƙe ni in ba ta mayafan mamanta, ta rufe wuya ranar kamu. Na ba ta zannuwan duka, da sarƙar da ke ciki. Mayafan kam na mayar akwati na kulle.