Tafiyar Baba a Hanyar Kongolam

Mahaifina yana cikin samarin farko da suka buga wa garinmu ƙwallo, tun ana yi ba takalmi, ana kafa turaku biyu a gicciya gora a sama. Ban ga wasansa ba, don kafin in yi wayo ya daina. Labarai na tashi na tarar, kuma kowace majalisa a Daura da nata.

Wasu su ce ya taɓa buga ƙwallo ta karya turke. Wasu su ce mutanen Nijar sun ba shi doki don ya koma buga musu, ya ƙi. Na tambaye shi zancen turken, ya yi dariya ya ce, "Gara ta riga ni. Ko akuya ce ta goga jikinta sai ya faɗi." Dokin kuwa, ya ce goro ne, kuma a mota suka rabe shi.

Waɗannan ba su dame mu ba. Wanda ke ci mana rai shi ne na bayan ya bar wasa. Ana cewa aljanun fili ne suka biyo shi gida, kansa ya taɓu. Hujjarsu ita ce kullum da hantsi ana ganinsa a gefen hanyar Kongolam, takalmi a hannu, yana tafe bakinsa na motsi. Mai babur zai tsaya ya ce, "Baba, hau in rage maka hanya," sai ya ɗaga hannu kawai ya wuce. Mutumin da ke magana shi kaɗai, a yi masa magana ya ƙi amsawa, a wurinmu an san sunan da ake ba shi.

Gaskiyar kuwa ga ta. Da kakanmu ya rasu, gona ta dawo wuyan Baba, ya ajiye ƙwallo. Sai ya duba ya ga ƙuruciyarsa ta ƙare a fili, karatun allo bai wuce ƙananan surori ba. Da gemunsa ya je wurin wani malami a unguwarmu. A biya masa, ya zauna kan buzu ya yi ta maimaitawa, ba abin da ke zama. Wata rana ya kama hanyar gona yana maimaita karatun jiya, kafin ya isa karatun ya zauna daram. Daga nan ya gane kansa ba ya riƙe abu sai ƙafarsa na aiki. Masu babur kuma ba raina su yake ba, yanke aya a tsakiya ne ba ya so. Takalmi kuwa, har yau ya ce matse shi yake yi.

Ban taɓa tsayawa musu da kowa ba. Baba kan ce, "Bar su, baki nasu ne."

Haka muke har babbar 'yata ta samu manemi, wani yaron kirki mai sayar da hatsi a Sandamu. Tana son sa, mu ma mun yaba da shi. Magabatansa suka shiga bincike kamar yadda aka saba, daga nan sai shiru. Ranar kawo kayan gaisuwa ta zo ta wuce. Ta bakin mata muka ji dalili: an ce musu akwai taɓin hankali a gidanmu, kuma abin yana bin jini. Yarinyar ta daina cin abincin kirki, ta daina fitowa tsakar gida.

Na shirya na tafi Sandamu wurin baffan yaron, wani Alhaji mai fataucin shanu. Na ce masa, "Alhaji, kai ba ka sayen sa sai ka ga tafiyarsa. Ka zo ka ga tsohon da idonka."

Ya zo da safe, muka zauna a zaure. Baba ya fito suka gaisa lafiya lau. Na roƙe shi ya ɗan yi wa baƙo karatu. Ya fara, bai yi nisa ba ya sarƙe. Ya koma baya, ya sake sarƙewa. Ya hau murza gwiwa, leɓensa na motsi ba sauti. Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Baba, a huta." Na ga idonsa ya koma kan takalmansa a bakin ƙofa.

Baba ya dafa bango ya miƙe. Ya ce, "Alhaji, ni a zaune ɗalibin banza ne. In kana da ƙafa, taso."

Muka fita mu uku. Muna barin gidaje muka hau gefen titi, muryarsa ta buɗe. Ba da ƙarfi yake yi ba, sai wanda ke kafaɗa da shi zai ji, shi ya sa masu wucewa ba su taɓa jin komai ba sai motsin baki. Alhaji ya matsa kusa, ya karkata kunne. Shi ma ya yi karatu daidai gwargwado, na ga yana bi a hankali. Wani mai babur ya rage gudu, kafin Baba ya ɗaga hannu Alhaji ya riga shi, ya yi masa alamar ya wuce.

Sai da muka kai wata tsamiya Baba ya kai aya ya tsaya. Alhaji ya zube a gindinta, babbar rigarsa ta jiƙe da gumi.

"Baba, ka sauke ke nan?"

"Tun kafin a haifi yarinyar da kuke nema. Yanzu kiwo nake yi, kada ya watse." Ya dube shi. "Ka gaya wa ɗan naku, matata yake so ya ƙwace. Ban yarda ba sai ya iya bin sawuna."

"In dai sai ya bi sawunka ne, Baba, ai za ta tsufa a gidanka."

Ba a rufa mako ba kayan gaisuwa suka iso. Ranar ɗaurin aure, Alhaji da bakinsa ya ba mutane labarin, ni kuwa na zauna kusa da Baba ina jin ana ta sa masa albarka.

Ni ma da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma idan harafi ya ƙi zama, tashi nake in zaga tsakar gida. Shi ya sa na rubuta wannan da hannuna, don majalisa ba ta zama ba labari. Kwanan baya na ji wani yana rantsuwa cewa Baba a ƙafa ya je Makka. Da na gaya wa Baba, cewa ya yi, "To wannan ka bar musu. Na Alhaji za ka rubuta, ka ce a babur ya koma gari."