Man Birkin Kawu

Har yau in na taka birkin mota na ji ya yi laushi, kafin in ji haushin motar sai in tuna Kawu, raina ya ɓaci. Ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Amma addu'a daban, faɗin abin da mutum ya yi daban.

Shekarar da aka toshe kogin Kwara da madatsar ruwa a Kainji ce. Ina tuƙa wata tsohuwar babbar mota mai bodin katako, ina kai albasa da busasshen kifi daga Yelwa zuwa Kontagora. Motar ta Kawu ce, yayan Inna, mutum mai son a ce ya kyauta. Inna kuwa tana ƙauyenmu na bakin kogi a ƙasar Ngaski, ɗaya daga cikin ƙauyukan da aka ce ruwa zai cinye. An gina wa mutane gidajen siminti can kan tudu, motoci suka yi ta kwasarsu. Inna ta ƙi shiga. Ta ce ba za a loda ta kamar buhu ba alhali ta haifi direba. Ta aiko mini in zo in ɗauke ta, da dawar da ke rumbunta, da dutsen niƙan da ta gada wurin uwarta. Na aika mata cewa ina tafe.

Hanya ɗaya ce ke shiga ƙauyen. Sai ka sauka wata gangara mai tsayi, ka ratsa fadama, sannan ka hau. Kowa ya san fadamar nan ruwa zai fara cikawa, kuma masu jiragen ruwa da ke zuwa kasuwa suna cewa kullum gaba yake yi. Ba mai hankalin da zai tunkari wannan gangara da birkin da bai amince da shi ba.

To, ana cikin haka tiyon birki na baya ya tsage. Wannan ba wani abu ba ne. Na canza shi, na zubar da tsohon mai, na ɗauko gwangwanin man birki da na saya tun da rani na ajiye a zauren Kawu, na cika masta, wato tukunyar da ke tura mai zuwa tayoyi. Saura a cire iska. Aikin mutum biyu ne: ɗaya yana cikin mota yana taka birki, ɗaya yana kwance ƙarƙashi yana kwance ɗan notin da ke bayan kowace taya, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure kafin na sama ya ɗaga ƙafa. Kawu da kansa ya tattare riga ya hau, wai ai don 'yar'uwarsa ake yi.

Na fara da tayar da ta fi nisa da masta, yadda aka koya mana. In ce, "Taka," ya taka. In ce, "Riƙe," ya riƙe. Muka zagaye tayoyin har kumfa ta daina fita. Na hau na gwada, birki ya kama. Washegari da safe na sa ƙafa, sai na ji kamar na taka ruɓaɓɓiyar albasa. Ya lotsa, ya yi ta tafiya a hankali har ya kusa taɓa ƙasa.

Na ce iska ce ta maƙale. Muka sake. Na bi bututun mai tun daga masta har taya, ina shafawa da yatsa ko zan ji danshi, ban ji ba. Na sa Kawu ya taka da ƙarfi ina riƙe da kowane tiyo, ko akwai mai kumbura, babu. Na ɗaga motar a kan jak na matso da shu, wato takalmin birki, kusa da duram ɗin taya da yake kamawa, don in ya yi nisa shi ma yakan sa birki ya yi zurfi. Duk a banza. Kuma duk sanda mai ya ragu a masta, Kawu ne ke saukowa ya miƙo mini gwangwanin da hannunsa.

Yana miƙowa yana magana. "Wanga birki dai ya ƙi. Anya ba hannunka ba na, ɗan nan? Direbobin yanzu sai hanzari."

Ina kwance a ƙasa, mai na ɗiga mini a wuya, ƙuda na bin fuskata, ga warin albasar da ta lalace a bodi, ga wannan magana. Na haɗiye, don kawu uba ne.

Da abin ya ishe ni na kwance masta gaba ɗaya na buɗe. Robobin da ke ciki, waɗanda ya kamata su zama da tauri daidai bakin ramin, sun kumbura sun yi laɓo-laɓo kamar gandar da ta kwana a wuta. Na matsa ɗaya ta manne mini a yatsa. Na buɗe na bayan tayoyi, robobinsu ma haka. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Iska ba ta yi wa roba haka. Wani abu ne ya ci ta, kuma duk cire iskar da muke yi ƙara tura shi muke yi lungu-lungu.

Na ɗebo ruwa a ƙwarya na ɗiga man gwangwanin a ciki. Man birki na gaskiya narkewa yake yi a ruwa. Wannan rabinsa ya narke, rabi ya taso sama yana ƙyalli. Na kai hanci. Kananzir. Da shi nake wanke ƙarafa da hannuna kullum, shi ya sa hancina bai tsinto shi tun farko ba.

Ina tsugune da ƙwaryar sai ga wani masunci ya yi sallama, hannunsa ɗaure da tsumma, yana riƙe da 'yar kwalba. Ya durƙusa gaban Kawu.

"Maigida, a taimaka min da maganin ga na mota. Ƙugiya ta sake tsaga min hannu, wanda ka ba ni ya ƙare."

Kawu ya shiga ƙifta masa ido, shi kuwa bawan Allah bai gane ba, sai ƙara miƙa kwalba yake yi.

A bakin kogi a lokacin, mutane sun ɗauka man birki maganin ciwo ne. Yanka, gyambo, makero, duk shafa shi suke yi, don yana da zafi, su kuma a ganinsu abin da ya yi zafi shi ke aiki. Na sha korar masu roƙona. Ashe in na kore su ta ƙofar gareji, zaure suke zagayawa.

Na ce, "Kawu, mi kaz zuba cikin gwangwanin ga?"

Bai ko sunkuyar da kai ba. "Ɗan kananzir na, don kada ka ga ya ragu ka yi ta hwaɗa. Mutane su taho da ciwo in ce musu babu? Mai ai mai na."

Ban taɓa jin ƙyamar mutum kamar ranar ba. Ba jahilcin ne ya dame ni ba, kowa da abin da bai sani ba. Zaman da ya yi a kujerar nan ne, yana taka birki, yana kallona ina birgima a ƙasa, yana miƙo mini gwangwanin, har da zargin hannuna, bai taɓa cewa ɗan nan, ga fa abin da na yi ba. Ya fi son a ci gaba da sa masa albarka a zaure.

Sai an canza kowace roba an wanke kowane bututu. Lokacin yaƙin basasa ne, kayan mota sun yi wuya. Babu a Yelwa. Na bi wata mota zuwa Kontagora, can ma sai da aka aika gaba. Kafin robobi su iso in haɗa, birki ya tsaya ƙyam yadda ake so, masu jirgi sun kawo labari: fadama ta cika, har kan itatuwa kaɗai ake gani.

A jirgin ruwa na je ɗaukar Inna. Mun shiga ƙauyen ta inda da muke ɗaure jakai. Ruwa ya ci gindin rumbun, ya zauna gefe ɗaya, dawar ƙasa ta jiƙe ta tsira ta ruɓe, tsaminta ya cika gidan har sai da na toshe hanci. Ta sama muka kwasa, abin da bai taka kara ya karya ba. Dutsen niƙa kuwa mai jirgi ya dube shi, ya dubi kaya, ya ce sai dai a zaɓa. Muka bar shi a tsakar gida, ruwa na lasarsa.

Inna ba ta yi kuka ba. Sai da muka yi nisa ta ce, "Kai da kac ce kana tahe. Kullum ina sauraren kukan mota."

Na ce, "Birki na, Inna."

Can ta kwance bakin zanenta ta fito da 'yar kwalba, ta janye zane daga ƙwaurinta. Gyambon da ke nan ya ƙara faɗi, bakinsa ya yi fari. Ta ɗiga ta shafa tana cije leɓe.

"Kawunka dai, Allah shi yi mai albarka. Shi yat tuna da ni, ya aiko min da maganin ƙahwa."

Na karɓi kwalbar na ce zan riƙe mata, na bar ta ta sulale cikin ruwa ta bayan jirgi. Ban gaya mata kome ba, ɗan'uwanta ne, shi kaɗai ya rage mata.

Da muka sauke kaya a sabon gidan, ta zaɓi dawa mai kyau cikin 'yar wadda ta tsira, ta cika ƙwarya ta ɗaure da tsumma, ta ce in kai wa Kawu godiya. Na kai masa. Ya karɓa, ya ce a gaishe ta.